Kogo biyu a yini ɗaya: cacar bakin da ta tashi a zaurenmu bayan dawowar Dokta

Ɗan Kwangila: Dokta, barka da sauka. Amma tsakani da Allah, waɗannan hotunan da ka zubo mana na gaske ne? Yanzu fa waya ma ƙirƙiro hoto take yi. Jirgin ƙasa a cikin kogo, har da fitilun ado na gilashi suna reto?

Doktan Samaru: Barkanmu kadai. Da wayata na ɗauka, ba wanda ya taɓa su. Kogon Postojna ke nan, a ƙasar Sloveniya. Kun san taron da na je a birnin Trieste na Italiya ne, a cibiyar nan ta fiziks da Farfesa Abdus Salam ya kafa a 1964. Birnin a bakin iyaka yake, kafin ka gama gyara zama a mota kun shiga Sloveniya. Ranar Asabar babu lacca, sai muka bi wani kamfanin yawon buɗe ido: mota ɗaya, jagora ɗaya, kogo biyu, tun safe sai dare. Na cikin hoton shi ne na farko. Na biyun, Skocjan, ba a barin ɗaukar hoto a cikinsa, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Maman Ilham: To Yaya Dokta, a ba mu labari dalla-dalla, ba irin na 'yan jami'a da ake taƙaitawa ba.

Doktan Samaru: Postojna tsawonsa ya kai kilomita 24, amma baƙi kilomita 5 kawai ake nuna musu, cikin awa ɗaya da rabi. Fiye da kilomita 3 a jirgi ake yi, sauran a ƙafa. Taragon ba rufi, mutum biyu-biyu a kujera, kuma yana gudu ta wasu lunguna da rufin dutsen ya yi ƙasa har ka ga dogayen mutane suna sunkuyar da kai. Da farko bangon baƙi ƙirin ne, na ɗauka haka dutsen yake. Ashe gobara ce: a 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Jamus sun ɓoye man jirgin sama a bakin kogon, 'yan gwagwarmayar ƙasar suka lallaɓo suka cinna masa wuta, ta yi kwana bakwai tana ci. Har yau baƙin bai fita ba.

Da kun wuce nan sai launi ya canza. Tsinayen dutse suna saukowa daga rufi, wasu na tasowa daga ƙasa, inda suka haɗu sun zama ginshiƙi. Wasu fari fat, wasu ja-ja saboda ƙarfen da ke cikin ruwan. Akwai wani ɗaki da rufinsa ke cike da siraran bututu farare, dubbai, kowanne da ɗigon ruwa a bakinsa. Na tsaya ƙarƙashin ɗaya ina jiran ɗigon ya faɗo, bai faɗo ba har jagora ya kira mu. Sannan akwai wani farin tsini mai tsayin mita 5 wanda shi ne tambarin wurin, da wata gada da fursunonin yaƙi 'yan Rasha suka gina a 1916.

Sanyi kuwa digiri 10 ne, rani da damina. A waje ana gumi, a ciki haƙora na kaɗawa. Wanda bai zo da rigar sanyi ba hayar mayafi yake yi a ƙofa.

Injiniya PZ: Abin da ya burge ni layin dogon. Yaushe aka shimfiɗa shi?

Doktan Samaru: 1872, Injiniya. Da farko ma jagororin ne ke tura taragon da hannu. Wutar lantarki kuma 1884, tun kafin ta shiga babban birnin ƙasar, Ljubljana.

Injiniya PZ: Kun ji ko? Tun kafin layin dogo ya iso Zariya. Mutanen nan da wuri suka gane cewa kogo kasuwa ne.

Ɗan Kwangila: Ni har yanzu ban yarda ba mutum ne ya sassaƙa wasu ba. Ta yaya dutse zai tsiro?

Malamin Duwatsu: Ɗan Kwangila, bari in shigo, don wannan abincina ne. Dutsen ba tsiro yake yi ba, ruwa ne ke ajiye shi. Irin dutsen nan shi ne dutsen farar ƙasa, wanda ake siminti da shi. Asalinsa ɓawon halittun teku ne da suka yi ta taruwa a ƙarƙashin ruwa tsawon miliyoyin shekaru har suka dunƙule. Ruwan sama idan ya ratsa ƙasa yakan kwashi iskar kabon da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa, sai ya zama yana da ɗan tsami. Tsamin nan ba shi da ƙarfin da harshenka zai ji, amma ya isa ya narkar da wannan dutsen kaɗan-kaɗan. Yana bin tsaga, tsaga ta zama rami, rami ya zama hanyar kogi. Kogin Pivka ne ya haƙa Postojna da haka.

Tsinayen kuma aikin ne ya juya. Ruwan da ya ƙoshi da narkakken dutse idan ya iso rufin kogo ya haɗu da iska, sai kabon ɗin ya fice, ruwan ya kasa riƙe dutsen, ya bar ɗan kaɗan a inda ya ɗiga da inda ya faɗa. A can lissafin da ake yi, kamar milimita 1 ne a shekara 10. Ka auna mita 5 da wannan lissafin ka ga ko akwai masassaƙin da zai jira.

Doktan Samaru: Shi ya sa ake hana taɓawa. Maiƙon hannu na ɓata fuskar dutsen. Na ga wani ginshiƙi a gefen hanya da ya yi duhu ya yi santsi daidai tsayin hannun mutum, sama da nan kuma fari. Kusa da wasu fitilun ma har gansakuka ta fara fitowa, kore-kore, abin da babu shi kafin a kawo haske.

Hajiyar Tudun Wada: Ikon Allah. Dokta, ba macizai? Ni da na ji kogo, maciji da jemage nake tunawa.

Doktan Samaru: Hajiya, ban ga ko ɗaya ba. Abin da suke alfahari da shi wata halitta ce ta cikin ruwan kogon, dangin kwaɗi, doguwa siririya kamar farar tsaka, ba ta gani, da wasu jajayen gezoji a wuya da take numfashi da su. Takan yi shekara kusan 100 a duniya, kuma takan yi shekaru ba ta ci komai ba. Mutanen dā idan ambaliya ta wanko su waje sai su ce 'ya'yan dodon da ke cikin dutsen ne. A 2016 wata ta yi ƙwai a akwatin gilashin da suke ajiye su, aka ƙyanƙyashe sama da 20, har labarin ya zaga duniya. Wadda na gani ko motsi ba ta yi ba.

Hajiyar Tudun Wada: A'uzubillahi. A bar ta a inda take.

Alhajin Sabon Gari: Ni tambayata ta 'yan kasuwa ce. Me ya kai ka biyan jagora? Da ka hau motar haya ka sayi tikitinka ka shiga, ai da ka rage kashe kuɗi.

Doktan Samaru: Alhaji, jagora iri biyu ne, kada a haɗa su. Akwai na kogon kansa, wannan dole ne, ba a shiga sai da shi, rukuni-rukuni a kan lokaci, ana raba mutane bisa harshen da suke ji. Wannan ba ni da ja a kansa, don shi ne ya sa wurin bai lalace ba. Akwai kuma na kamfanin da ya kwaso mu, wanda aikinsa agogo ne. A nan ne na ga gazawa. Mun fito daga Postojna kai cike, ana so a zauna a sha shayi a narkar da abin da aka gani, sai ga shi yana tafa hannu wai mota za ta tashi. Aka kai mu wani tsohon gidan sarauta, Predjama, da aka gina a bakin wani kogo a jikin tsauni, kilomita 9 daga nan. Daga waje muka tsaya, aka ɗau hoto, aka ce a koma mota. Abincin rana a tsaye muka ci. Ni burodi da cuku da tuffa na samu, don mafi yawan abin da ke wurin da naman alade.

Da muka isa Skocjan da yamma, rabin mutanen motar sun riga sun gaji. Kuma nan ne ake buƙatar ƙafa.

Maman Ilham: Shi ba jirgi?

Doktan Samaru: Ba jirgi, ƙanwata. Tafiyar kusan kilomita 3 ce da matakala ɗaruruwa. Sashen farko shiru ne, tsinaye da ginshiƙai irin waɗanda muka riga muka gani da safe, har wani a bayana yana cewa an maimaita mana. Sai muka fara jin wani gurnani daga nesa. Muna karya kwana ƙasa ta ɓace. Wani kwazazzabo ne a cikin dutse, rufinsa can sama ba ka iya ganinsa sosai, ƙasansa kogin Reka na ta tafasa. Hanyar an sassaƙe ta ne a jikin bango, da ƙananan fitilu jere, kana hango mutanen da suka riga ku a ɗaya gefen 'yan mitsi-mitsi. Sai gada, mita 45 sama da ruwan. Wani farfesa daga Indiya da ya yi ta surutu tun safe, a nan ya yi tsit, ya kama ƙarfen gefe da hannu biyu, yana jan ƙafa. Ƙarfen jiƙe yake, sanyi ƙalau. Jagorar ta ɗaga tocila ta nuna mana wasu ƙananan matakai da masu binciken farko suka sara a bango a ƙarshen ƙarni na 19, ko tafin ƙafa ba su cika ba, a can sama inda ba abin riƙewa. Ta kuma ce a ambaliyar 1965 ruwa ya taso har ya shanye gadar da muke kai.

Kogin nan daga nan nutsewa yake yi, ya yi tafiyar sama da kilomita 30 a ƙarƙashin ƙasa, sai ya ɓullo a Italiya kusa da teku. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya tun 1986. Ra'ayina, wanda zai je ya zaɓi ɗaya ya ba shi yininsa. Taura biyu ba ta taunuwa. In kuma ni za a tambaya, Skocjan.

Injiniya PZ: A nan na saɓa maka, Dokta. Kai ƙafarka lafiya lau. Postojna an tsara shi ne yadda tsoho da yaro da mai keken guragu za su gani. Wurin da sai mai ƙarfi ke shiga, ai an rufe wa rabin jama'a ƙofa.

Hajiyar Tudun Wada: Allah ya yi maka albarka, Injiniya. Ni da na hau Dutsen Nur a Makka don ganin kogon Hira, sai da na yi kwanaki gwiwa ba ta lanƙwasuwa. Kuma da na isa, ɗan wuri ne, mutum biyu sun cika shi. A ba ni mai jirgin.

Doktan Samaru: Ban ce a cire jirgin ba, Hajiya. Abin da nake cewa, a jirgi kai kaya ne, ana wucewa da kai, abin da ka so ka tsaya ka kalla ya riga ya wuce. Kuma jama'a sun yi yawa, ko'ina waya a sama. A Skocjan da aka hana hoto, dole kowa ya yi kallo da idonsa.

Ɗan Kwangila: Ko kuma dole kowa ya dawo ya ba da labarin da ba mai iya ƙaryatawa.

Injiniya PZ: Hahaha. Ɗan Kwangila bai sauka ba.

Alaramma na Ƙofar Doka: Assalamu alaikum. Na bi hirar tun daga sama. Dokta, a cikin wannan guje-gujen, ina aka sa Azahar da La'asar?

Doktan Samaru: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Lokacin bazararsu ne, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, don haka lokaci na da faɗi. Ni da wani ɗan Senegal muka haɗa su a kan ciyawa bayan wurin ajiye motoci. Shi ya so mu yi ƙasaru, ni na cika.

Alaramma na Ƙofar Doka: Ka yi daidai da ka cika. Tunda ka yi niyyar zaman da ya kai kwana huɗu a birnin da ka sauka, hukuncin mazauni ya hau kanka, kuma fitar da kuka yi ba ta kai nisan ƙasaru ba, wanda a wurinmu mil 48 ne. Haɗawar kuwa, a Malikiyya an yi rangwame ga mai tafiya ta ƙasa ko da tafiyar gajera ce. Sai dai in mutum zai bi irin waɗannan kamfanoni, ya faɗa wa jagora tun a mota cewa yana buƙatar minti goma. Yawanci kunya ce ke hana mu, ba su ba.

Doktan Samaru: Gaskiya ne, Malam. Da muka faɗa masa bai musa ba, agogo kawai ya duba.

Ɗan Wusasa: Ni duk wannan abin haushi yake ba ni. Ga dutsen Kufena a bayan gidanmu nan Zariya, da koguna a jikinsa, da ragowar tsohuwar ganuwa a kewaye. Da an tona an sa fitila, wa ya san abin da ke ciki? Sai mun je Turai mu biya kuɗi mu kalli rami.

Malamin Duwatsu: Ɗan'uwa, ko shekara nawa za a yi ana tona Kufena ba za a samu irin wancan ba. Kufena giranit ne, dutsen da ya daskare daga narkakken dutse a can cikin ƙasa. Ruwan sama ba ya narkar da shi yadda yake narkar da na farar ƙasa, sai dai ya ɓare shi ɓawo-ɓawo daga waje. Abin da muke kira kogo a Kufena rataye ne tsakanin manyan duwatsu da suka jingina da juna, ko ƙarƙashin wanda ya yi rumfa. Cikin dutsen kansa a cike yake tam. Duk ƙasar Zazzau kusan a kan irin wannan tsohon dutsen take zaune. Darajar Kufena tarihinsa ne da hangen gari daga samansa, wannan kuma ya isa a gyara shi dominsa.

Ɗan Wusasa: To Yankari fa? Ai akwai koguna.

Malamin Duwatsu: Kogunan Marshall, guda 59. Waɗannan a dutsen yashi suke, kuma mutane ne suka haƙa su da hannu suka zauna a ciki. Na Ogbunike a Anambra, mai matakala 317, shi ma dutsen yashi ne. Dutsen farar ƙasa muna da shi, ba wai babu ba: Kalambaina a Sakkwato, Ashaka a Gombe, Gboko a Binuwai, Ewekoro a Ogun, Mfamosing kusa da Kalaba. A na Sakkwato da na Ashaka har ɓawon halittun teku ake tsinta a ciki, shaidar cewa teku ya taɓa kwanciya a wurin. Amma babban kogo na son abu uku su haɗu: dutsen ya yi kauri sosai, ruwan sama ya wadata, ƙasar kuma ta yi tudu yadda ruwa zai samu inda zai gangara. Na Sakkwato shimfiɗa ce marar kauri a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Mfamosing ne ya fi kusa da cika sharuɗɗan, kuma can akwai ramuka da koguna. In babba ake nema a Afirka, akwai Sof Omar a Habasha, kilomita 15, wanda ke ɗauke da sunan wani shehin Musulunci.

Alhajin Sabon Gari: Duk wuraren dutsen farar ƙasa na ƙasarmu da ka lissafa ai masana'antun siminti ne. To ni dai a ganina gara haka. Dutsen da ya zama buhu ya gina gida ya ba yara aiki, ya fi wanda za a tsaya ana kallo.

Doktan Samaru: Alhaji, buhu sau ɗaya ake sayar da shi. Postojna tun 1819 ake karɓar baƙi, fiye da shekara 200 ke nan, kuma dutsen na nan ko tsakuwa ba ta ragu ba. Garin kusan gaba ɗaya a kansa yake ci: masauki, gidajen abinci, direbobi, masu tsaraba.

Alhajin Sabon Gari: Can ne. Nan wa zai biya kuɗi ya shiga rami, ana neman na masara?

Injiniya PZ: Ba sai an zaɓi ɗaya ba. Dutsen na da yawa. Abin da ya kamata, kafin a ba kamfani fili ya fasa, a tura irin su Malamin Duwatsu su duba. Inda aka ga kogo a keɓe shi, a fasa sauran.

Malamin Duwatsu: Wannan ita ce maganar. Nakiya ɗaya ta isa ta zubar da abin da ruwa ya yi shekara dubbai yana ginawa.

Malama ta Kongo: Ku yi haƙuri in katse ku. Ni duk wannan bayanin ɗalibaina nake tunawa, don muna karantar da narkewar dutse a aji ba tare da sun taɓa ganin dutsen ba. Muna shirin kai 'yan aji biyar Kufena bayan jarrabawa. Malam, ko za ka raka mu ka yi musu bayanin nan a gindin dutsen? Dokta kuma ya ba mu aron hotunan.

Malamin Duwatsu: Da izinin Allah, Malama. Ina da gutsuren dutsen Ashaka a ofis, da ɓawon dodon koɗin teku a jikinsa. Zan zo da shi da ɗan ruwan asid marar ƙarfi. A ɗiga a kansa su ga yana kumfa, a ɗiga a jikin Kufena su ga ko gezau. Wannan ya fi musu allo cike da rubutu. Amma a fito da sassafe, dutsen nan in rana ta take ba ya takuwa, kuma kowane yaro da takalmi mai kama ƙasa da gorar ruwa, ban da silifa.

Doktan Samaru: Hotuna zan tura miki yau da dare. Sai dai a bar yaran su zauna a sama su huta su yi tambaya, kada a haɗa musu da wani wurin a rana ɗaya.

Malama ta Kongo: Shugaban makaranta ya so a biya da su madatsar ruwa ta Shika a dawowa, tunda an riga an biya kuɗin mota.

Doktan Samaru: Ki ce masa a'a.

Ɗan Wusasa: Ku sanar da ni ranar, zan nemo muku wanda ya san hanyar hawa ta ɓangarenmu, ta fi sauƙi ga yara.

Alhajin Sabon Gari: Ruwan leda a kaina. Yara nawa ne?

Malama ta Kongo: Zan duba rajista in faɗa maka gobe, Alhaji. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Kwangila: A sa sunana. Ina so in ga kumfar nan da idona.